Yadda Ake Tara Tsofaffin Motocin Haɗi da Gane Ko Awonsu Ya Yi Daidai

Duk wanda ya taɓa fere kara ya haɗa mota yana yaro, ko ya lanƙwasa waya ya yi mata taya da murfin kwalba, ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Yaro ba ya yawo da rula, amma idan gaban motarsa ya zarce kima abokansa za su ce masa wannan ba Fijo ba ce. Motocin haɗi ƙannen waɗancan ne da suka fito daga masana'anta. Kwali ne cike da gutsattsarin roba, kowanne maƙale a jikin reshensa, da takardar da ke nuna yadda za a harhaɗa su da gam har a sami 'yar mota mai kama da ta gaske. A jikin kwalin akan buga lamba, 1/24 ko 1/43 ko makamancin haka. Lambar nan alkawari ce, cewa kowane milimita ɗaya a jikin ƙaramar yana madadin milimita 24 ko 43 a jikin babbar. Shekarun da na yi ina tara su a ɗakina na Agege sun nuna mini ba kullum ake cika alkawarin ba, musamman a tsofaffin kwalaye. Hanyar ganewa kuwa guda ce, ka auna da hannunka.

Ka fara sanin ma'aunan da asalinsu

Yawancin lambobin nan daga inci da ƙafa suka fito. A 1/24, rabin inci ne ke madadin ƙafa ɗaya. A 1/48, rubu'in inci. A 1/72, inci ɗaya ne ke madadin ƙafa 6, wato tsayin dogon mutum. Kamfanonin Amurka irin AMT, wanda aka kafa a Mishigan a 1948, sun fi son 1/25, su kuma na Japan da Turai suka fi karkata ga 1/24. Airfix na Ingila, wanda ya fara wannan harka da tarakta ƙirar Ferguson a 1949, ya yi motocinsa na hawa da yawa a 1/32. Shi kuwa 1/43 gadon jiragen ƙasa na wasa ne, inda milimita 7 ke madadin ƙafa ɗaya, kuma nan ne gidan yawancin ƙananan motocin ƙarfe na Faransa. Ma'aunin 1/35 na motocin soja kamfanin Tamiya ne ya yaɗa shi daga Shizuwoka ta Japan, asalinsa kuma wata tankar yaƙi ce mai batir da aka yi wa girman da batiran za su shiga cikinta, daga baya aka lissafa aka ga ta faɗa a kan 1/35.

Shawarata ka zaɓi ma'auni ɗaya, ka kuma zaɓi dangin mota ɗaya. Ni na tsaya a kan motocin da suka taka titunan ƙasar nan: Fijo 404 da 504, Volkswagen Beetle da Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, da Kombi uwar danfo, bas ɗin hayar Legas, da Landiroba. Dalilina zai fito idan mun zo awo.

Inda ake samu a Legas

Kwalin da ba a haɗa ba, tsoho, cikakke, ba abu ne da ake tsinta kullum ba. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne ƙananan motocin ƙarfe da suka sha hannun yara. Duk da haka a cikin dilolin kayan wasa na gwanjo akan yi dace. Ka riƙa leƙa Katangowa ta wajen Abule Egba da sassafe lokacin da ake kwance dila, da Aswani ta Isolo ranar Talata, da masu baza kaya a Yaba. Kada ka tsaya dogon kwatance. Ajiye hoton kwali a wayarka, ka nuna wa mai kaya ka ce, "Maigida, idan irin wannan ya faɗo a dilarka, ko kwalin ya yage, ajiye mini." Ka bar masa lambarka, kuma ranar da ya kira ka je, ko abin bai yi maka ba ka sayi wani abu. Wanda ya kira sau biyu ba a zo ba, ba zai sake kira ba.

Hanya ta biyu tsofaffin gidaje ne. A zamanin da kantunan Kingsway da Leventis da UTC ke tashe, iyaye masu hali sun sayi kayan wasa na waje, wasu kuma na nan a saman kabad. 'Yan'uwanmu 'yan gwangwan da ke sayen tarkacen gidaje sukan ci karo da su, sai dai ba su ɗauke su a bakin komai ba tun da roba ce, ba ta da nauyi a sikeli. Ka gaya wa biyu ko uku a unguwarku. Ta uku ita ce saye ta intanet ko aiken ɗan'uwa da ke waje. A nan ka nemi hoton cikin kwalin, kowane reshe daban, kafin ka biya ko sisi.

Karanta kwalin kafin ka buɗe

Kwali yana faɗin shekarunsa. Idan akwai layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti don sanin farashi, to ba na shekarun 1960 ba ne, domin sai a 1974 aka fara amfani da su a Amurka, kuma sun ɗauki shekaru kafin su game kaya. Idan an rubuta an yi shi a Jamus ta Yamma, bai wuce 1990 ba. Idan akwai adireshin intanet, daga tsakiyar shekarun 1990 ne zuwa yau. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya guda 5 ba zai riga 1963 ba.

Amma shekarun kwali daban, shekarun mazubi daban, kuma wannan ne mutane da yawa ba su lura da shi. Mazubin ƙarfen da ake zuba robar a ciki yana da tsada ƙwarai, don haka ake ta amfani da shi shekara da shekaru, kamfani ya sayar wa kamfani, a canza hoton kwali a sake fitarwa. Kamfanonin Revell da Monogram ma haɗewa suka yi a 1986, kayan wannan suka riƙa fitowa da sunan wancan. Saboda haka ka juya bodin ko shasin ka duba ciki, sau da yawa akwai shekara da sunan kamfanin asali a zane a jikin robar. Sabon kwali mai ɗauke da zubin 1965 yana da duk kurakuran awon 1965. Mazubin da ya tsufa kuma yakan bar siririn bezan roba a gefen kaya, layukan ƙofa su dushe. Idan ka ga haka ka san zubin baya-baya ne.

Duba abin da ke ciki

Ɗauki takardar haɗi ka bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ɓata shi ne ƙanana, madubi da sitiyari da fitila da hannun ƙofa. Ka girgiza kwalin a hankali, ka duba lungunansa. Gilashi shi ne ba ya gyaruwa idan ya tsage, don haka ka ɗaga shi sama ka duba a haske. Ɗora bodin a kan tebur mai santsi. Idan kusurwa ɗaya ta ɗaga, zafi ya murɗe shi, kuma murɗaɗɗen bodi zai ba ka awon ƙarya. Ka nemi tabon taya: tsofaffin tayoyi masu laushi suna fitar da wani maiƙo da ke narka robar da suka jingina da ita, har su bar zobe a kan rufi ko gilashi. Takardar sitikar ruwa kuma, wato tambarin da ake jiƙawa a manna a jikin motar, idan ta yi rawaya kawai da sauran magana, idan ta tsattsage kamar busasshen tabki to da wuya ta moru.

Idan motar ƙarfe ce tsohuwa sosai, duba ko jikinta ya kumbura yana tsagewa da kansa. Ciwon ƙarfen tutiya ne da aka zuba da gauraye, laima tana hanzarta shi, kuma ba shi da magani. Bar ta.

Awon kansa

Kayan aiki kaɗan ne: rular ƙarfe mai milimita, ma'auni mai muƙamuƙi irin na masu aikin injin ƙarfe, wanda za ka samu wajen masu sayar da kayan aikin kanikawa a Ladipo, sai kalkuletar waya da littafin rubutu.

Kada ka fara da tsawon mota daga bamba zuwa bamba. Bamba tana canzawa daga shekara zuwa shekara, daga ƙasa zuwa ƙasa, wata ma da ƙaho wata babu. Ka fara da tazarar taya, wato daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya. Wannan ce ƙashin bayan mota, kuma kamfani ba ya taɓa ta sai da babban dalili. Beetle ta yi shekaru da dama tazarar tayarta na milimita 2400. Fijo 404 tana da 2650, 504 ƙaramar tana da 2740, doguwar mai ɗaukar iyali 2900. Landiroba ma sauƙaƙa maka ta yi, domin lambar da ke sunanta ita ce tazarar a inci: 88 na nufin milimita 2235, 109 kuma 2769.

Lissafin rabawa ne kawai. Beetle a 1/24, ka raba 2400 gida 24, ka sami milimita 100 cif. Shi ya sa nake cewa mai koyo ya fara da ita. A 1/25 za ka sami 96, a 1/32 kuma 75, a 1/43 kusan 55.8. Fijo 504 a 1/43 ya kamata ta ba ka 63.7. Landiroba 109 a 1/35 za ta ba ka 79.1.

Gano tsakiyar taya da ido yana da wuya, to ga dabara. Tun da tayoyin girmansu ɗaya, auna daga goshin tayar gaba zuwa goshin tayar baya, tazarar ɗaya ce da ta tsakiya zuwa tsakiya. Idan ba a haɗa motar ba, auna tsakanin ramukan da sandunan taya ke shiga a shasi, sannan ka sake aunawa tsakanin tsakiyar bakunan taya a bodi. Su biyun ya kamata su yarda da juna. Idan ba su yarda ba, ranar da ka haɗa za ka ga taya ta matsa gaba ko baya a cikin raminta, kuma babu fentin da zai ɓoye wannan. Auna dama, auna hagu, kowanne sau biyu.

Sai ka juya lissafin don ka san ma'aunin gaskiya: raba awon babbar mota da awon da ka samu. A ce 504 ɗinka an rubuta mata 1/43, kai kuma ka sami milimita 61. Raba 2740 da 61, ka sami 44.9. Ashe 1/45 ce. Wannan lambar ita za ka rubuta a littafinka, ba ta kwali ba.

Nawa ne kuskuren da za a yafe? A wajena, kashi 1 cikin 100 aiki ne mai kyau, wato Beetle ta 1/24 da ta faɗa tsakanin 99 da 101. Kashi 2 ina karɓa idan zubin tsoho ne. Idan ya kai kashi 4, ai an shiga wani ma'aunin, domin tsakanin 1/24 da 1/25 ma kashi 4 ne. A baki kamar ba komai, amma jera su biyu a kanta ɗaya ka ga yadda ɗaya ke zama ƙanwa.

Tazarar taya kaɗai ba ta yanke hukunci. Dole ka fitar da ma'auni uku, na tsawo da na faɗi da na tsayi, ka ga ko bakinsu ɗaya. Fijo 504 ƙaramar tana da tsawon milimita 4490 da faɗin 1690, don haka a 1/43 kana neman 104.4 da 39.3. Faɗi kuwa ban da madubi ake auna shi. A nan ne asirin tsofaffin motocin haɗi masu batir ke tonuwa. Da yawansu, musamman na Japan na shekarun 1960 da 1970, an yi su ne don su yi gudu a tsakar ɗaki, sai aka buɗa cikinsu ko aka zurfafa shi don inji da batir su sami wuri. Za ka sami tsawo ya ba ka 24, faɗi ya ba ka 22. Motar da ta ƙanƙance gaba ɗaya daidai wa daida ta fi mini wadda kowane gefe ke da nasa ma'aunin, domin ta farko siffarta gaskiya ce, lambar kawai aka yi kuskure.

Akwai kuma waɗanda tun asali kwali aka auna, ba mota ba. A shekarun 1950 wasu kamfanoni sukan yi wa kaya girman da zai cika kwalin da suke da shi, komai lambar da ta fito. Haka ƙananan Matchbox na ƙarfe, da suka fara a 1953: bas da ƙaramar mota duk kusan tsawonsu ɗaya, shi ya sa a ƙasan da yawa daga cikinsu za ka ga kowace da nata ma'aunin. Tsofaffin kwalayen motocin soja na Airfix kuma sukan zo da rubutun HO/OO, sunayen ma'aunan jiragen ƙasa na wasa, alhali HO 1/87 ne, OO kuma 1/76. Auna za ka ga yawancinsu wajen 1/76 suke. Wannan ba zamba ba ce, al'adar zamanin ce, amma mai tarawa ya kamata ya sani.

Wili yana ruɗar mutane da yawa, har da ni a farko. Idan an ce wilin Beetle inci 15 ne, wato milimita 381, ana nufin inda taya ke zama, wanda ido ba ya gani. Leɓen da ke waje ya fi haka da wajen milimita 35. Don haka a 1/24 abin da za ka auna daga leɓe zuwa leɓe ya kusa 17.3, ba 15.9 ba. Na taɓa mayar wa wani mai kaya kwali ina cewa wilin ya yi girma, daga baya na gane wilin na daidai, na koma na ba shi haƙuri, amma an riga an sayar.

Wasu abubuwan kuma dole su fi ƙima kauri. Milimita ɗaya a 1/24 daidai yake da milimita 24 a babbar mota, to gilashin roba mai kaurin milimita ɗaya tamkar gilashin da ya kusa inci ne. Ginshiƙan gilashi da abin share ruwa da sandar eriya duk haka suke. Waɗannan iyakar roba ce, ba na ƙirga su a laifi.

Je ka ga ta gaske

Ga dalilin da ya sa na zaɓi motocin gida. Mai tarawa a wata ƙasa sai ya jira ranar baje kolin tsofaffin motoci kafin ya ga 504 ko Landiroba 109. Mu a Legas tsofaffin Landiroba na nan suna aikin janwe a bakin manyan tituna, danfo na cika tasha, kuma ba a rasa Beetle ko Fijo a lungun wani gareji. An haɗa Beetle a nan Ojo, a hanyar Badagiri, tun daga 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Gani ya kori ji.

Ka tafi da tef na awo da alli da mutum ɗaya da zai riƙe maka. Abu na farko izini. A garin nan ba a durƙusa wa motar mutum da tef haka kawai, balle ɗaukar hoto. Ka yi sallama, ka fito da 'yar motar ka nuna, ka ce, "Baba, sannu da aiki, uwar wannan nake so in auna." Ban taɓa ganin tsohon bakaniken da bai saki fuska ba idan ya riƙe ta a tafin hannunsa. Ka kuma ba yaran garejin na ruwa. A miƙe sitiyari, motar na kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa alama a ƙasa daidai tsakiyar kowace taya, ka auna tsakanin alamun. Tsayi kuwa kada ka dogara da tsohuwar mota, domin wata ta zauna saboda gajiya, wata an ɗaga ta saboda ramuka. Gara ka auna daga ƙasan ƙofa zuwa rufi.

Sannan ka ja da baya sosai, taku 20 ko fiye, ka jawo hoton gefen motar da wayarka. Hoton kusa yana kumbura tsakiya ya ƙanƙance gaba da baya. Kai shi shagon buga takardu a daidaita girmansa har tazarar taya ta zama daidai da lissafinka, milimita 100 idan Beetle ce ta 1/24. Kwantar da bodin a kan takardar. Nan take za ka ga ko rufin ya faɗa, ko gilashin gaba ya miƙe fiye da kima, ko an rasa karyewar nan ta but ɗin 504 da ke gangarowa baya, wadda ita ce ke sa a gane ta daga nesa. Rula ba ta kama irin wannan.

Ka tabbata dai irin motar da kake gwadawa ita ce ta kwalin. Beetle mai lamba 1302 da 1303 tazarar tayarsu 2420 ce. Gilashin bayan Beetle rabe yake biyu har 1953, ya koma mai siffar ƙwai har 1957, sannan aka faɗaɗa shi. Tsohuwar Kombi na da 2400, amma mai kusurwa da ta fito a 1979, wadda ta fi yawa cikin danfo, tana da 2460. Idan kuma kana son motarka ta zama ta wani zamani a ƙasar nan, tuna cewa sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Motar da ke yawo a Legas kafin nan yawanci sitiyarinta a dama yake.

Ajiya

Laimar Legas da iskar teku su ne abokan gaba. Ciro tayoyi ka naɗe su a takarda daban, kada su taɓa roba. Gilashi a naɗe shi da tsumma mai laushi. Sitika a sa ta a leda mai zif, a kwantar cikin littafi. Kwalayen su shiga babbar roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi, a ɗora a sama saboda ambaliyar damina, amma ba dab da kwanon rufi ba, domin zafi na murɗe bodi. Kyankyaso na cin gam ɗin sitika, gara na cin kwali, sai dai kada ka jefa kafur a ciki kamar yadda ake yi wa akwatin tufafi, tururinsa na iya taɓa robar. Fetur da tina ma narka ta suke yi. Gam mai kamawa nan take kuma yana sa gilashi ya yi hazo.

A littafinka kowace mota ta sami shafinta: kamfani, lambar kwali, shekarar da ke cikin bodi, ma'aunin da aka rubuta, ma'auni uku da ka samu, da abin da ya ɓata. Da shi nake yanke shawarar wadda zan haɗa da wadda zan bari. Wadda awonta ya fito daidai kuma ana sake fitar da irinta, ita nake haɗawa in yi mata fenti. Wadda awonta ya karkace amma zubin farko ce mai cikakken kwali, ina barinta a kan reshenta yadda ta zo, in buɗe ta sau biyu a shekara, farkon damina da lokacin hunturu, in duba tayoyi in canza ƙunshin shan laima.